A ba girkin kasko ɗaya haƙƙinsa a shafin girke-girke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da wasu za su ga kamar ƙarami ne amma ni a wajena babba ne, wato abincin dare na iyali. Ina bibiyar shafinku na girke-girke kuma gaskiya ana ƙoƙari, sai dai na lura yawancin abin da ake kawowa girki ne mai tukunya biyu uku, a dafa wannan a ajiye a soya wancan a tace a sake haɗawa, toh wadda ta dawo daga aiki da yamma ga yara sun dawo makaranta da yunwa ga aikin gida da za a duba musu ga wanke-wanke na jiranta, ina za ta samu wannan lokacin. Shi ya sa nake so a ba girkin kasko ɗaya muhimmanci, musamman taliya da niƙaƙƙen naman sa da bekon, wato ƙyafaffen nama mai kitse da gishiri, wanda cikin minti 35 zuwa 40 an gama kuma gida gaba ɗaya ya ƙoshi.

Nasan akwai masu raina irin wannan girki, su a ganinsu duk wadda ta zuba ɗanyar taliya kai tsaye cikin miya toh gajeriyar hanya ta bi kuma dole ɗanɗano ya ragu. Ni ban yarda da wannan ba kuma ina da dalili. Idan aka dafa taliya a ruwa mai yawa aka tace, wannan farin ruwan da ake zubarwa a magudana sitaci ne da ya fita daga jikin taliyar, kuma shi ne abin da ke sa miya ta yi kauri ta manne da taliya ta haɗe maiƙo da ruwa su zama abu ɗaya mai santsi. Masu girki a gidajen abinci na Italiya ai shi ya sa suke ɗiban ludayi ɗaya na ruwan taliya su zuba a miya kafin su gauraya. A girkin kasko ɗaya ko ɗigo ba ya ɓacewa, duk yana cikin kaskon, sannan ita taliyar maimakon ta sha farin ruwa sai ta sha romon nama da tumatir da albasa har cikin jikinta, kaga kuwa ɗanɗanon yana ciki yana waje. Su kansu mutanen Italiya suna da wannan salon, suna dafa taliya kamar yadda suke dafa shinkafarsu ta risoto, ana ƙara romo kaɗan-kaɗan har ta nuna, kuma a garin Bari da ke kudancin ƙasar akwai sufageti da ake sawa ɗanye a kaskon ƙarfe da ruwan tumatir har ƙasansa ya ɗan ƙone da gangan. A Amurka ma tun 1971 kamfanin General Mills ya fitar da Hamburger Helper, kwali ne mai makaroni da garin miya da ake zubawa kan niƙaƙƙen nama a kasko ɗaya, lokacin naman sa ya yi tsada iyalai na neman yadda ɗan nama zai ishi kowa. Abin da nake bayani a nan shi ne irin wancan amma na gida, wanda kin san duk abin da ya shiga ciki.

Maganar bekon dole in tsaya a kanta tunda nasan mai karatu zai ɗaga gira. Asalinsa daga naman cikin alade ake yinsa, a jiƙa shi da gishiri na kwanaki a ƙyafe shi da hayaƙi a yanka shi siri-siri, kuma mu Musulmi wannan haramun ne babu wata tattaunawa. Amma ana yin irinsa da naman sa, daga wajen ƙirji da ciki inda nama da kitse suke jere layi-layi, ana kuma yinsa da naman talotalo, toh su nake nufi, kuma dan Allah a riƙa karanta jikin leda da kyau kafin a saya, a tabbatar an rubuta naman sa ne ko talotalo kuma akwai shaidar halal, kar a dogara da hoton da ke gaba. Abin da bekon ke kawowa girkin abu uku ne, gishiri da ƙamshin hayaƙi da kitsen da za a soya sauran kaya a ciki. Wadda ba ta samu ba kar ta fasa girkin, ta samu naman ƙirjin sa mai kitse ta yanka ƙanana-ƙanana ta barbaɗa gishiri ta soya har ya yi ƙaras-ƙaras, sannan ta ƙara ƙaramin cokali ɗaya na garin fafirika mai hayaƙi, wato garin wani jan barkono mara zafi sosai, za ta samu kusan abin da ake nema. Na talotalo kuma ba shi da kitse sosai, sai an taimaka masa da cokali biyu na mai.

Ga mutum 5 zuwa 6 abin da ake buƙata bai da yawa. Niƙaƙƙen naman sa giram 500, bekon giram 150, taliya gajera giram 400, albasa babba ɗaya, tafarnuwa sala 4, tumatirin leda ko na ƙaramin gwangwani mai kauri babban cokali 2, yankakken tumatir gwangwani ɗaya na giram 400 ko ɗanye da aka markaɗa daidai wannan yawan, romo ko ruwan zafi kamar mililita 900, sai cuku giram 100 da barkono da masoro da busasshen ganyen oregano ko tayim. Na ce taliya gajera da gangan, irin makaroni ko fene mai kamar yankakken bututu ko mai murɗe-murɗe ko mai kamar kwanson dodon koɗi, saboda su ne ke nutsewa cikin ruwa gaba ɗaya kuma ramukansu na riƙe nama. Sufageti na yi amma yana son mannewa da juna, sai an tsaya a kansa. A kuma duba jikin leda a ga an rubuta da alkamar durum aka yi ta, wannan alkama ce mai tauri mai furotin da yawa, ita ke riƙe jikinta ba ta saurin caɓewa, shi ya sa a Italiya tun 1967 doka ta ce busasshiyar taliya da ita za a riƙa yi.

Kasko kuma ya zama mai faɗi mai ɗan zurfi da murfi, kamar santimita 28 zuwa 30, mai kaurin gindi. Faɗin na da amfani sosai, a ƙaramar tukunya mai zurfi nama zai taru kan juna ya fitar da ruwa, taliyar ƙasa ta nuna ta sama na ɗanye.

Toh ga inda ake samun bambanci tsakanin girki mai daɗi da wanda aka ci kawai dan yunwa, wato jerin yadda ake sa kayan. A fara da bekon, a yanka shi ƙanana a zuba a kasko tun yana sanyi sannan a kunna wuta matsakaiciya. Dalili shi ne kitse na buƙatar lokaci ya narke, idan aka jefa shi a kasko mai zafi wajensa zai ƙone kitsen na ciki bai fito ba, amma idan suka ɗumama tare sai kitsen ya zubo a hankali naman ya soyu a cikin mansa, minti 6 zuwa 8 ya yi ja ya yi ƙaras. A kwashe shi a faranti a bar man a kasko, idan ya wuce babban cokali 2 a rage. A ajiye soyayyen bekon ɗin gefe sai ƙarshe, dan idan ya dahu cikin miya laushi zai yi ya rasa wannan ƙaras ɗin da yara ke so.

Sai naman. Nan ne nake roƙon 'yan uwa mata su yi haƙuri su cire hannu. A ƙara wuta, a zuba niƙaƙƙen naman a baje shi ya rufe gindin kasko sannan a ƙyale shi minti 3 zuwa 4 ba a taɓa ba. Yawancin mu da mun zuba nama sai mu hau juyawa, toh juyawar nan ce ke sanyaya kasko ta sa naman ya saki ruwa ya koma dahuwa ya yi fari-fari kamar toka babu ƙamshi. Wannan launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a jikin soyayyen nama ba ado ba ne kawai, wani masanin kimiyya ɗan Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ya yi bayaninsa tun 1912, haɗuwa ce tsakanin sinadaran furotin da sukari a kan zafi kuma ita ke haifar da ƙamshin gasasshen nama da na ɓawon burodi. Abin ba ya kankama da kyau sai zafi ya kai wajen digiri 140 zuwa sama a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa ruwa a digiri 100 yake tafasa ba ya wuce nan, kenan matuƙar akwai ruwa kwance a kasko naman ba zai taɓa yin ja ba. Idan kaskon ƙarami ne gara a soya shi kashi biyu. In ƙasan ya yi ja sosai sai a juya a farfasa shi da muciya, a sa masoro da ɗan gishiri kaɗan, kaɗan fa, zan dawo kan gishirin.

Daga nan a ture naman gefe a zuba yankakkiyar albasa a tsakiya ta yi laushi kamar minti 4, sai tafarnuwa, ita ko minti ɗaya ba ta so dan da ta ƙone ɗaci take. A zuba tumatir mai kaurin nan a soya shi da naman minti 2 har launinsa ya koma ja mai duhu, wannan ke kashe tsamin gwangwani. Yanzun idan kin duba gindin kasko za ki ga ƙanzo ya kama, ja-ja mai danƙo, dan Allah kar ki tsorata kar kuma ki canza kasko, matuƙar bai yi baƙi ba toh mafi daɗin girkin ne ke wurin. Ki zuba ludayi ɗaya na romo ki kankare shi da muciyar katako har ya narke ya shiga miya. Wanda ya dafa nama daban taliya daban miya daban, wannan ƙanzon a wajen wanke-wanke yake ƙarewa.

Sai a juye yankakken tumatir da sauran romon da ganye da barkono, a bari ya tafasa sannan a zuba ɗanyar taliyar a danna ta ta nutse. Ruwan ya ɗan rufe ta kawai, kar ya yi mata iyo. Ni ina ganin gara a fara da mililita 800 a ajiye sauran da zafinsa a gefe, saboda ƙara ruwa abu ne mai sauƙi amma rage shi bayan taliya ta nuna ba hanya sai dai ta caɓe. A rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali, a rufe, kuma duk bayan minti 2 ko 3 a buɗe a juya har gindi saboda sitacin da ke kawo kaurin shi ne kuma ke sa kamu. Lokacin da aka rubuta a jikin leda na dahuwa a tafasasshen ruwa zalla ne, a cikin miyar tumatir taliya na ɗan jinkiri, toh a ƙara mata minti 2 zuwa 4 a kai, amma agogo ba ya ɗanɗana abinci, a ɗauki ɗaya a tauna. In ta yi laushi da ɗan sauran ƙarfi a tsakiya toh lokacin saukewa ya yi ko da miyar ta yi kamar ta ɗan yi ruwa, dan za ta ci gaba da tsotsa bayan an kashe wuta. In kuma ruwa ya ƙare tana da tauri sai a ƙara rabin kofi na ruwan zafi, ba na sanyi ba.

A kashe wuta kafin a sa cuku, wannan ma mutane na kuskurensa, cuku idan ya tafasa rabuwa yake ya koma mai a sama dunƙule a ƙasa, amma zafin da ya rage a kasko ya isa ya narkar da shi lumui. Mai son ya ƙara laushi ta zuba rabin kofi na madara ko kirim a nan. Sai a barbaɗa soyayyen bekon a sama a rufe a bar shi minti 5 ya huta, a wannan mintunan ne miyar ke kama jikinta. Ni ina son in jefa ganyen alayyafo hannu biyu ko koren wake ko gurzajjen karas, karas tare da albasa ake sa shi ya narke ciki yaro bai ma san ya ci ba, ganye kuma a minti 2 na ƙarshe, kuma wallahi wannan ita ce hanya mafi sauƙi da na sani ta sa yaro mai ƙin ganye ya ci ba rigima.

Ranka ya daɗe ba zan yi wa masu karatu adalci ba idan na yabi girkin na yi shiru kan lafiya. Bekon ko na sa ko na talotalo sarrafaffen nama ne, kuma a 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, ta ce cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin kamuwa da sankarar hanji da kusan kashi 18 cikin 100. A lura da kalmar kullum. A wannan girkin giram 150 ne aka raba wa mutum 6, kowa ya tashi da giram 25, kuma ba abincin kowane dare ba ne, shi ya sa nake cewa a ɗauki bekon a matsayin kayan ƙamshi a sa kaɗan, kar a mai da shi shi ne naman. Haka gishiri, hukumar ta ce babban mutum kar ya wuce giram 5 a rana wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, yara kuma ƙasa da haka, toh a nan bekon na da gishiri cuku na da gishiri dunƙulen ɗanɗano da ake sa wa romo na da gishiri, sannan tunda ba a tace ruwa duk abin da aka zuba yana nan kuma yana ƙara ƙarfi yayin da ruwan ke ƙonewa. Kar a sa gishiri irin na ruwan dafa taliya, a bari sai ƙarshe a ɗanɗana, sau da yawa ma za a ga ba ya buƙata. Gidan da akwai mai hawan jini a bar dunƙulen a yi da ruwa zalla, ƙanzon nan da tumatir sun wadatar.

Niƙaƙƙen nama kuma ba kamar tsoka ba ne, ita tsoka ƙwayoyin cuta a bayanta suke zafi na kashe su da wuri, amma da aka niƙa an gauraya waje da ciki, shi ya sa ake so ya dahu sosai ya kai digiri 71 babu sauran jan ɗanyen nama. A wannan girkin ba matsala tunda bayan suya yana ƙara fin minti 10 yana tafasa. Inda matsalar take shi ne ragowa. Kar a bar kaskon a kan murhu a rufe har safe, dafaffiyar taliya kamar dafaffiyar shinkafa akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke yaɗuwa a cikinta idan ta daɗe a ɗumi, kuma gubar da take saki ɗumame ba lallai ya kashe ta ba. Cikin awa 2 da saukewa a juye a roba mara zurfi a sa a firji, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, wajen ɗumamawa a yayyafa ruwa kaɗan dan ta riga ta tsotse miyar, a bari ya yi zafi har tsakiya. Inda babu tabbacin firji zai riƙe sanyi toh a rage awon a dafa daidai ci.

Wani abin da ya sa nake ƙaunar wannan girki shi ne ana iya koya wa kowa, maigida zai iya ranar da uwargida ba ta da lafiya, yaro ɗan shekara 13 ko 14 zai iya idan babba na kusa, dan babu ɗaukar tukunyar tafasasshen ruwa a je tacewa wanda nan ne ake yawan ƙonewa. Kuma murhu ɗaya ne ke ci maimakon biyu, ba a jira ruwa lita 4 ya tafasa ba, gas ya ragu ruwa ya ragu abin wankewa kasko ɗaya da muciya da allon yanka, wannan lokacin da aka samu ai zama ne da yara a ci abinci tare a ji yadda makaranta ta kasance, ba uwa na kicin su suna ci su kaɗai ba.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Na farko a riƙa ware wuri ko sau ɗaya a wata dan girke-girken da ake gamawa a kasko ɗaya cikin ƙasa da awa guda. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, dan Allah masu rubuta shafin su riƙa faɗin awo, giram nawa kofi nawa minti nawa wuta babba ko ƙarama, su kuma faɗi dalilin kowane mataki. "Ki zuba ruwa daidai misali" ya wadatar da wadda ta shekara ashirin tana girki, amma amarya ko ɗalibi ko magidancin da yau ne ya fara riƙe muciya bai san misalin ba, kuma a irin wannan girkin kofi ɗaya na ruwa da ya yi yawa ya isa ya ɓata giram 500 na nama. Idan kun buga wannan ina fatan waɗanda suka gwada su ma su rubuto su faɗi irin taliyar da suka yi da ita da yawan ruwan da ya yi musu daidai, tunda kasko ya bambanta wuta ma ta bambanta.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar, a gaida ma'aikata baki ɗaya.

Taku a kullum,
wata uwa mai bibiyar shafin girke-girke